Abin da Ya Koro Ɓera: Darasin Hanyar Agadas ga Ikilisiyoyinmu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Daura, ya ƙetare iyaka a Kongolam ya shiga Matamaye, ya san mutanen wancan gefe da na wannan gefe abu ɗaya ne. Harshenmu ɗaya, gero da dawa da wake muke nomawa, in damina ta yi gardama kuma tare muke kuka. Daga Matamaye hanya ta miƙe zuwa Damagaram, daga nan ta bi ta Tanut har Agadas, wadda ita ce ƙofar hamada. Hanya ce ta fatake tun zamanin da ayarin raƙuma ke kawo gishirin Bilma kasuwannin ƙasar Hausa. A zamaninmu kuwa abin da aka fi ɗauka a kanta mutane ne, samari da 'yan mata da mata masu goyo, waɗanda suka nufi Libiya ko Aljeriya, waɗansu kuma suna fatan ƙetare teku zuwa Turai.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. Samarinmu da suka gama makaranta ba aikin yi suna jin labarin hanyar nan, waɗansu ma suna tara kuɗinta a ɓoye. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar, gama a can an gwada taimako iri biyu daga ƙasashen waje. An gwada taimakon tare hanya, an kuma gwada taimakon gyaran gona. Sakamakon kowanne ya fito fili, akwai kuwa darasi a ciki domin gwamnatoci da ikilisiyoyi baki ɗaya.

MUTUM 92 A CIKIN RAIRAYI

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da garin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motoci biyu da suka ɗauko su ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu akwai yara 52, da mata 33, da maza 7. Gwamnatin Nijar ta sa aka yi makoki na kwana uku. Yawancin mamatan daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, wurin da ba shi da nisa da Daura. Ba Turai suka nufa ba. Aljeriya za su, domin matan su yi aikatau ko bara, su komo da abin sayen hatsi.

Hausawa suka ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Uwa ba ta kwashe 'ya'yanta ta shiga hamada don sha'awa. Saboda haka tambaya ta fari ita ce, me ya koro su daga gida?

YADDA RUMBU YA ZAMA WOFI

Cirani tsohuwar al'ada ce. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi magidanta sukan tafi Kano ko Kumasi ko Abijan su yi ƙwadago, su dawo kafin ruwan shuka. Tafiyar tana rage bakin da ke cin rumbu, tana kuma kawo 'yan kuɗin sutura da haraji. Abin da ya sāke shi ne rumbun kansa ya daina kai iyali damina.

Dalili na fari shi ne yawan jama'a da ƙarancin ƙasa. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, amma a 2023 sun haura miliyan 25, yawancinsu kuwa a kudu suke, a ɗan zirin da ruwan sama ke isa noma. Gonar da uba ya noma shi kaɗai sai a raba wa 'ya'ya biyar ko shida, ba sauran saura da za a bari ƙasa ta huta. Ga kuma fari mai tsanani na 1973 da na 1984.

Dalili na biyu shi ne tsarin tattalin arziki. Tun 1971 Nijar ta fara haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit. Da farashinsa ya hau, gwamnatin Seyni Kountché ta yi gine-gine, ta kuma ci bashi da zaton kuɗin zai ci gaba da shigowa. A farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, bashi ya tsaya. Daga 1983 ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sa'an nan da Bankin Duniya. Sharuɗɗan irin waɗanda mu ma muka sani ne tun da gwamnatin Janar Babangida ta kawo SAP a 1986: a rage kashe kuɗin gwamnati, a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a janye hannun hukuma daga cinikin hatsi. A Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigo da shi daga waje ya yi tsada dare ɗaya.

Gaskiya ne bashin na nan, dole a nemi hanyar biyansa, kuma ba dukan laifin ke wuyan masu ba da rance ba. Amma wanda ya fi ɗaukar nauyin gyaran shi ne manomin da bai ci ko anini na bashin ba. An ga haka a 2005. Bayan fari da fārin ɗango na 2004, hatsi na nan a kasuwannin Maradi, amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka. A farkon shekarar nan ce gwamnatin Mamadou Tandja ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da garin alkama, har jama'a suka fito zanga-zanga aka janye yawancinsa. An kuma yi jinkirin rabon abinci kyauta domin kada a ɓata kasuwa, alhali kuwa yara na ramewa. Iyalin da suka sayar da awaki ko suka jinginar da gona a shekara irin wannan, da wuya su komo yadda suke. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, dubban 'yan Nijar da ke aiki a Libiya suka dawo hannu wofi, gidaje da yawa suka rasa mai aiko musu. Shekara biyu bayan haka ne matan Kance suka mutu a hanya.

KUƊIN TARE HANYA

A 2015 fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga Turai ta teku, mafi yawansu masu gudun yaƙin Siriya da Afganistan da Iraƙi. Hankalin shugabannin Turai ya tashi. A watan Nuwamba na shekarar suka zauna da shugabannin Afirka a Baleta, babban birnin tsibirin Malta, suka kafa asusun gaggawa wanda a ƙarshe ya kai wajen Yuro biliyan 5. An ce manufarsa ita ce a magance tushen abin da ke sa mutane ƙaura. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi samun kaso.

Tun a watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Daga 2016, lokacin da Mohamed Bazoum ke ministan cikin gida, aka fara aiki da ita sosai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Kafin wannan, fita daga Agadas a fili ake yi. Kowace Litinin motoci ƙirar Hilux sukan yi jerin gwano su nufi Dirku tare da rakiyar soja, gama yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba.

A takarda dokar ta yi aiki. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum wajen 330,000 da suka nufi arewa a 2016, a 2017 kuwa wajen 70,000. Amma ƙidayar a kan babbar hanya ake yinta, direbobi kuwa sun bar babbar hanya. Suka koma tafiyar dare, suna kauce wa rijiyoyin da aka sani domin jami'an tsaro na tsare da su. Kuɗin mota ya hau. In direba ya hango sintiri, yakan zubar da fasinjoji a tsakiyar rairayi ya tsere. A farkon watan Yuni na 2017 aka ba da labarin mutuwar mutum 44 tsakanin Agadas da Dirku, 'yan Gana da 'yan Najeriya, har da jarirai. A Nuwamba na shekarar kuma gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar dabbobi.

Mutanen Agadas su ma sun ji a jikinsu. Garin ya riga ya rasa baƙin yawon buɗe ido tun tawayen 2007, masu tafiya ne suka zama kasuwarsa. Direba da mai gidan haya da mai sayar da jarkar ruwa da mai tuwo duk da su suke ci. An yi alkawarin ba tsofaffin direbobi jari su sāke sana'a, aka rubuta sunayen dubbai, amma 'yan ɗaruruwa ne suka samu a zagayen farko. A 2024 hukumar binciken kuɗi ta Tarayyar Turai da kanta ta ce an barbaza kuɗin asusun ba tare da an mai da hankali wuri ɗaya ba.

A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka hamɓarar da Bazoum, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi, ECOWAS ta sa takunkumi, gwamnatin soja ta zabtare kasafin shekarar da kashi 40 cikin 100. A watan Nuwamba aka soke dokar ta 2015. Shekara takwas na kashe kuɗi suka tafi da sa hannu ɗaya. Wahalar masu tafiya kuwa ba ta ƙare ba, domin a 2024 Aljeriya ta koro fiye da mutum 30,000 zuwa iyakar Nijar, inda ake sauke da yawa a hamada su taka wajen kilomita 15 zuwa ƙauyen Assamaka.

ITATUWAN MARADI

Yanzu bari mu koma baya mu dubi taimako iri na biyu, wanda ya fara a ƙasar Maradi ba tare da wani taron shugabanni ba. A 1981 wani ɗan mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar domin aikin dashen itatuwa. Ya yi ta dasawa suna mutuwa, rana da iska da awaki ba su bar sai kaɗan ba. Kamar yadda shi kansa yake ba da labari, ya kusa fid da zuciya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. A 1983, ya tsaya rage iskar tayar motarsa domin ya wuce rairayi, sai ya lura da 'yan ƙananan kurmin da ke gonaki. Ashe ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara suna tohowa, kowace shekara kuma ana sassabe su a ƙone.

Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya kāre su. Cikin 'yan shekaru sabara da kalgo da magarya da aduwa su zama itatuwa. A lokacin yunwar 1984 mishan ta haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka da yawa. Da rabon ya ƙare, manoma da dama suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta daina binne shuka, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, sai maƙwabta suka fara koyi. A ƙasar Damagaram kuma manoma suka farfaɗo da tsohuwar al'adarsu ta kiyaye gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi wa gero taki ba tare da ya tare masa rana ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wuƙa muhimmanci, watau doka. Tun zamanin mulkin Faransa itace na hukuma ne, ko da a gonarka ya tsiro, ma'aikacin gandun daji yana iya cin tararka in ka sare reshe. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta wannan, musamman ta dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, manomi ya tabbata itacen nasa ne. Da masana suka gwada hotunan sama na dā da na baya, suka kimanta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki. Gwamnatoci sun hau sun sauka a Yamai, amma ba wanda ya iya soke itatuwan nan da sa hannu, gama a hannun masu gona suke.

ABIN DA ITACE BAI IYA BA

Kada mu ruɗi kanmu. Yankin Kance da matan nan suka fito yana cikin wuraren da gawo ya fi dawowa. Itace na gyara ƙasa, amma ba ya ƙara faɗin gona, ba ya kuma ba saurayi aikin yi a watanni bakwai ko takwas na rani. Dole a haɗa da waɗansu abubuwa, Nijar kuwa ta nuna misalinsu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a Maradi, bisa tushen adashin da matanmu suka sani. Mata su tara 'yan kuɗinsu a akwati kowane mako, su ba juna rance, su raba riba a ƙarshen shekara. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A Galmi kuma, inda SIM ta buɗe asibiti a 1950, noman rani ya sa albasar garin ta yi suna har kasuwannin Gana da Kwaddibuwa.

Ko da an yi duk wannan, waɗansu za su tafi, tafiya kuwa ba zunubi ba ce. A 2023 'yan Najeriya da ke ƙasashen waje sun aiko gida kusan dala biliyan 20. Bambanci ne tsakanin wanda ya tafi da takardu da sana'a a hannunsa, da wanda yunwa ta jefa bayan mota a hannun mutumin da bai san sunansa ba.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA NUNA MANA

Littafin Farawa sura 21 ya ba mu labarin Hajaratu a jeji, ruwan salkarta ya ƙare, ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace ta ja gefe tana kuka. Allah ya ji, ya nuna mata rijiya. Wanda ya ji kukan yaron nan bai kau da kai daga yara 52 na hanyar Arlit ba, bai kuwa kamata mu kau da namu ba.

Littafin Nehemiya sura 5 kuma kamar labarin zamaninmu ne. Jama'a suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonaki da gidaje domin hatsi, waɗansu sun ci bashi domin biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta. A lokacin Nehemiya yana tsakiyar ginin garun Urushalima, amma ya tara manya ya tsauta musu, ya sa suka mayar wa mutane gonakinsu, shi kansa kuma ya bar karɓar abincin da ke hakkin gwamna. Ya gane garu ba zai tsare birnin da mutanensa suka rasa gonakinsu ba.

AIKIN DA KE GABANMU

Na fari, fastoci da dattawa su faɗi gaskiyar hanyar nan a wa'azi da taron matasa, da sunayen garuruwa da adadin mamata. Kada iyaye su sayar da gona su miƙa wa dillalin tafiya, sa'an nan su kawo yaron a yi masa addu'a.

Na biyu, ikilisiyar da ke da gona ta fara barin toho a gonarta, domin gani ya kori ji. Ta kuma kafa rumbu, a sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha, a fitar da shi tsakiyar damina a kan farashin da gwauruwa za ta iya, ta haka ba wanda zai jinginar da gona saboda buhu biyu.

Na uku, zumuntar mata ta mai da adashinta asusu mai littafi da mai riƙon makulli, samari masu son noman rani ko koyon sana'a su sami inda za su ranci jari.

Na huɗu, mu kula da baƙi. 'Yan ga-ruwa da masu gadi da masu shayi da suka zo cirani garuruwanmu, waɗansu iyaye ne ke jiransu kamar yadda muke jiran namu. Wanda kuma ya dawo daga Libiya hannu wofi, kada a yi masa dariya a ƙofar majami'a, gama kunya ce ke mai da da yawa kan hanya karo na biyu.

Na biyar, in wata ƙungiya ko hukuma ta zo da taimako, mu karɓe ta da murna, amma mu tambaya: wa zai mallaki aikin nan ranar da kuka tafi? Mu kuma tambayi masu neman ƙuri'armu wa zai ɗauki nauyin kowane sabon tsari da suka kawo, manomi ko masu hali.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu yi addu'a domin 'yan'uwanmu na Nijar, Kirista da Musulmi, da duk wanda ke kan hanyar hamada a daren yau. Ubangiji ya ba shugabanninmu zuciya irin ta Nehemiya, mu kuma ya ba mu ikon aikata abin da muka ji. Amin.